Tsohon Bel da Ɗamarar Yaƙi a Gidajen Ƙofar Wambai: Yadda Za Mu Gane Zamaninsu

'Yan uwa, da wuya a sami tsohon gida a cikin ganuwar Bauchi da ba a ajiye wani abu na magabata ba. Wani gidan takobi ne rataye a zaure, wani gidan sirdi ne da ƙura ta lulluɓe, wani kuma tsohon akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gado, cikinsa da bel na fata, da maɓallan tagulla, da wata minda da ta dushe. In ka tambaya, amsar kusan ɗaya ce: "Na kakanmu ne, da shi ya je yaƙi." In ka ƙara da cewa wane yaƙi, sai a yi shiru, ko a ce maka tun zamanin Malam Yakubu.

Wannan rashin sani yana jawo mana asara iri biyu. Ta farko, kayan da ba a san darajarsu ba su ne ke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, a auna tagullar a kilo, a yar da fatar. Ta biyu, kayan da aka ɗora wa labarin da ba nasu ba sukan binne labarin gaskiya na mai su. Mutumin da ya tsallaka teku ya yi yaƙi a dajin ƙasar Bama, sai jikokinsa su mayar da bel ɗinsa na mayaƙin jihadi, shi ke nan wahalarsa ta bi ruwa. Alhali kuwa kayan da kansu suna ɗauke da shaidar zamaninsu: a jikin fatar, a ɗinkin, a ƙarfen, da kuma a hatimin da aka buga musu. Abin da muke so mu koya ke nan.

Zamani uku a akwati ɗaya

Kafin a duba kaya, sai a san waɗanne rundunoni ne mutanen garin nan suka shiga. A taƙaice uku ne.

Na farko, rundunar masarauta. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, ciki har da Ƙofar Wambai da ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikin manyan sarautun ƙasar Hausa. Shi ne ya tare rundunar Shehu Laminu na Borno a 1827 ya mayar da ita baya. Bayan rasuwarsa a 1845, sarakunan da suka gaje shi sun shafe shekaru masu yawa suna fafatawa da Ningi. Wannan zamani ya ƙare a watan Fabrairu na 1902, lokacin da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta iso Bauchi, aka sauke Sarki Umaru. A shekara ta gaba, ranar 27 ga Yuli 1903, aka yi yaƙin Burmi a gabas da nan, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada.

Na biyu, sojan Turawa. Lugga ya kafa rundunar da ake taƙaita sunanta da W.A.F.F. a 1897. Hafsoshinta Turawa ne, amma sojojin 'yan ƙasa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Wannan magana ce mai ɗaci, amma gaskiya ce: yawancin waɗanda suka riƙe bindiga aka ci Bauchi, da Kano, da Sakkwato, baƙaƙen fata ne irinmu. Daga baya 'ya'yan ƙasar Bauchi da yawa sun shiga wannan runduna. Sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun je Gabashin Afirka, sannan a yaƙin Hitila sun je Habasha, suka wuce ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau, cikin runduna ta 81 da ta 82 tsakanin 1943 da 1945.

Na uku, sojan Najeriya bayan samun 'yancin kai a 1960: aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, har zuwa Laberiya a 1990. Bauchi kuma gari ne mai bariki, don haka kayan wannan zamani su ne suka fi yawa a hannun jama'a.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da irin kayansa, kuma bambancin a fili yake ga wanda ya san inda zai duba.

Mayaƙin masarauta bai san bel ba

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, barden zamanin Malam Yakubu ba ya ɗaura bel mai kan ƙarfe irin na yau. Takobinsa a kafaɗa yake rataye da hamila, ba a ƙugu ba. Abin da yake ɗaurawa a ciki ɗamara ce ta saƙi, ko guru na fata mai ɗauke da layu. A damtse akwai kambu, a hannu wuƙa cikin kube. Ɗan baka yana da kwari na fata, barde yana da garkuwa ta ƙirgi, ɗan lifida shi da dokinsa suna cikin lifidi da aka cusa wa audugar rimi, ɗan sulke kuma ga kwalkwali a ka. Sauran aikin fatar a jikin doki yake: sirdi, majayi, linzami da igiyar likkafa.

Saboda haka, duk bel ɗin da ka gani da kai na tagulla mai harshe, da ramuka a jere daidai wa daida, to ba na jihadi ba ne, ko wa ya faɗa maka.

Sai dai akwai wani rukuni a tsakiya. A ƙarshen ƙarni na 19 bindigogi masu harsashi sun fara yawa, musamman a hannun mutanen Rabeh, wanda Faransawa suka kashe a Kusuri a 1900, da ɗansa Fadlallah da aka kashe a Gujba a 1901. 'Yan bindigar wannan lokaci sun yi amfani da jigidar harsashi da dukawa suka ɗinka, kowane harsashi da ɗan gidansa, wani lokaci har da ado da laya a jiki. Irin wannan jigida aikin gida ce amma don makamin waje, kuma tana iya komawa shekarun ƙarshe kafin zuwan Turawa.

Game da takobi kuwa, a kula da abu ɗaya: ruwan takobi da kubensa ba lallai su zama tsara ba. Ruwan yakan kai shekara ɗari biyu, da yawa ma daga garin Solingen na Jamus aka kawo su ta Sahara, maƙeranmu kuma suka riƙa kwaikwayon tambarinsu na jinjirin wata. Kube da fatar ƙota kuwa sukan mutu a sake su, musamman a gidajen da ke hawan salla kowace shekara. Sabon kube ba ya mayar da takobi sabo, kamar yadda tsohon kube ba ya tabbatar da cewa abin da ke ciki tsoho ne.

Fata tana faɗin inda aka jeme ta

Majemanmu da bagaruwa suke jima. Ana jiƙa fata a ruwan toka a kankare gashi, a tausasa ta, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, sannan a shafe ta da mai. Ja daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuma daga kuloko. Jar fatar akuya da aka yi haka ita ce wadda fatake suka riƙa tsallaka Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Har yau a Ƙofar Wambai ta Kano, takwarar tamu, ana wannan sana'a.

Fatar gida tana da laushi, ba ta cika kauri ba, shi ya sa baduku kan ninka ta ko ya yi mata shafi. Ɗinkinsa da basilla ne, sau da yawa da siririyar fata a maimakon zare, kuma in ka lura za ka ga tazarar ɗinkin ba ta zo daidai cif ba. Jan karan dafi in ya tsufa yakan koma ja mai duhu, kamar na busasshen goro. In ka ga ja ko shuɗi ko kore mai ƙyalli da ɗaukar ido, to garura ce, rinin kanti, wanda ya yaɗu a kasuwanninmu a zamanin Turawa. In ka ga zaren roba, ko ƙusar alminiyom, ko ɗinkin keke, to aikin na ƙarni na 20 ne, ko da fasalin na dā ne.

Fatar sojan Ingila daban take. Ƙirgin saniya ne mai kauri, falle ɗaya, mai tauri, launin ƙasa-ƙasa, an yanke gefensa santal. Ɗinkin da zaren lilin ne mai kakin zuma, a jere kamar an auna da ma'auni, kuma a wuraren da ke ɗaukar nauyi akan ƙarfafa shi da ƙusoshin jan ƙarfe. Akwai kuma fatar kamfani ta baya-bayan nan da ake jemewa da sinadari. Ita in ka duba inda ta yanke ko ta goge, za ka ga cikinta toka-toka mai ratsin shuɗi. Yawancin bel na kasuwa irinta ne.

Hatimin gwamnati

Babban gatan mai bincike shi ne, gwamnatin Ingila ba ta sakin kaya ba tare da ta buga musu alama ba. Alamar ita ce ɗan kan kibiya mai layi uku, kamar sawun kaza. Duk inda ka gan ta, a fata ko a ƙarfe ko a zare, to kayan sun taɓa zama mallakar gwamnati. Wani lokaci takan zo tsakanin haruffan W da D, ma'ana ma'aikatar yaƙi. In akwai harafin I tare da ita, kayan na gwamnatin Indiya ne, kuma wannan yana da muhimmanci gare mu, domin sojojinmu da suka je Bama ta Indiya suka bi. In kibiyar tana cikin harafin C, daga Kanada suke. In kuwa kibiya biyu ne suna fuskantar juna baki da baki, to soja sun sallami kayan an sayar da su gwanjo.

Kusa da wannan alama akan sami sunan kamfanin da ya yi kayan da kuma shekara, kamar 1916 ko 1942. A bel na fata a duba bayansa, kusa da kai ko kusa da wutsiya. A jaka a duba cikin murfi. Akan kuma sami wata lamba da aka buga ko aka rubuta da tawada, wadda sau da yawa lambar sojan da aka ba kayan ce. Sojojin Najeriya na yaƙin Hitila lambarsu kan fara da haruffan NA.

Hatimin da ya tsufa ba ya karantuwa a hasken rana tsaye. A shiga ɗaki, a haska fitilar waya daga gefe, kusan a kwance da fatar, sai inuwa ta fito da rubutun. Kada a kankare da wuƙa, kada a jiƙa da ruwa.

Fasalin kaya shekara-shekara

Sojan Ingila kan canza fasalin kayan ɗamara lokaci-lokaci, kuma kowane fasali ana kiransa da shekarar da aka amince da shi. Sanin su yana ba mu iyakar da kaya ba za su wuce ta a tsufa ba.

Fasalin 1888 farar fata ce mai laushi da ake shafa wa farar ƙasa. Ba a cika samunsa a nan ba.

Fasalin 1903 fata ce launin ƙasa. Abin da aka fi saninsa da shi jigida ce da ake ratayawa a kafaɗa, mai aljihu biyar, kowane aljihu harsashi goma, jimla hamsin. Ta mahaya dawaki aljihu tara gare ta, harsashi casa'in. An yi aljihunan ne don harsasan da ake jerawa biyar-biyar a ɗan maƙalin ƙarfe, a tura su cikin bindiga gaba ɗaya. Jigidar da ta riga ta kuwa, kowane harsashi da gidansa. Wannan ya ishe mu hujja cewa jigida mai aljihu biyar ba ta halarci shigar Turawa Bauchi a 1902 ba, domin ba a ƙirƙiro ta ba tukuna.

Fasalin 1908 shi ne ya kawo babban canji: aka bar fata aka koma saƙaƙƙen zaren auduga mai kauri, launin kaki. Bel ɗinsa faffaɗa ne, inci uku. Kamfanin Mills ne ya shahara da yin sa, shi ya sa ake yawan ganin M.E.Co. a jiki.

Fasalin 1914 komawa fata ne na dole. Yaƙin duniya na farko ya ɓarke, masaƙu suka kasa wadatar da sojoji, sai aka yi na fata a madadin. Ana gane bel ɗinsa da maƙalin tagulla mai siffar maciji a lanƙwashe.

Fasalin 1937 shi ne na yaƙin Hitila, kuma shi ne aka fi samu a gidajen tsofaffin sojoji. Zare ne, faɗinsa inci biyu da kwata, kansa ƙugiya ce ta tagulla mai shiga cikin 'yar uwarta, da wasu ƙananan maƙalai biyu a baya. An ci gaba da amfani da shi shekaru masu yawa bayan yaƙin.

Fasalin 1944 kore ne, marar nauyi, an yi shi don yaƙin daji mai ruwa, inda fata ke ruɓewa cikin 'yan makonni. Fasalin 1958 kuma kore ne mai duhu, ƙarafansa ba sa ƙyalli. Wanda aka yi da zaren roba, mai kan roba ko maƙali mai ƙara in an ɓalle, na baya-bayan nan ne.

Akwai wani abin fata da bai kamata a manta da shi ba, wato kuben adda. Sojojin Afirka ta Yamma sun yi suna da adda a dajin Bama, da ita suke sare hanya. Kubenta da ruwanta sukan zo da shekara da kibiyar gwamnati. Haka ma ɗan gidan da ake rataye banati a bel.

Sai kuma bel ɗin hafsoshi, mai faɗi, mai harshe biyu, da igiya da ke ratsa ƙirji ta kafaɗar dama. Sunansa Sam Browne, sunan wani hafsan Ingila da ya rasa hannun hagu a yaƙi a Indiya a 1858, ya ƙirƙiro shi don ya iya zare takobi da hannu ɗaya. Hafsa da kuɗinsa yake saye, don haka sau da yawa ba a samun kibiyar gwamnati a jiki, sai sunan shago. A tuna cewa sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan ƙasa muƙamin hafsa. In an ce wannan bel na kaka ne da ya je yaƙin Kamaru, to mai yiwuwa kyauta ce daga Baturen da ya yi wa odale, ko kuma na wani ne daga baya a gidan, soja ko ɗan sanda.

Kambi, haruffa da minda

Ƙarfe ya fi fata saurin tona asiri. A duba kan bel, da maɓalli, da bajon hula.

Alamar rundunar Afirka ta Yamma bishiyar kwakwa ce. In haruffan da ke tare da ita W.A.F.F. ne, to kafin 1928 ne. In an ƙara R a gaba, ya zama R.W.A.F.F., to daga 1928 ne zuwa sama, domin a shekarar aka ƙara wa rundunar laƙabin sarauta. A 1956, da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Najeriya, aka sake wa rundunar Najeriya suna da sunanta, aka sami haruffan Q.O.N.R. A 1963 ƙasa ta zama jamhuriya, kambin Ingila ya fita daga kayan soja. Mikiya a kan tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci, alamar sojan Najeriya ce ta bayan mulkin mallaka.

Shi kansa kambin yana da zamani. Mai kai a dunƙule kamar ƙubba na sarakuna maza ne, daga 1902 zuwa 1952. Mai lotsawa a tsakiya, kafaɗunsa a ɗage, na Sarauniya Elizabeth ne daga 1953. Na Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901, shi ma yana da lotsawa, amma sauran shaidu za su raba gardama, domin rabin ƙarni ne tsakaninsu.

Ba kayan Ingila kaɗai suka shigo garin nan ba. Maɓalli mai hoton ƙugiyar jirgin ruwa alamar sojan mulkin mallaka na Faransa ce, irin wanda 'yan uwanmu na Nijar da Chadi suka sa. Kayan Jamus kuma sun shigo a matsayin ganima daga Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, Mora ta miƙa wuya a 1916.

Minda ita ce shaida mafi ƙarfi in an dace. Ta yaƙe-yaƙen cin ƙasar nan tana da ɗan ƙarfe a saman ƙyallenta mai ɗauke da sunan Arewacin Najeriya da shekara, kamar 1902 ko 1903. Ita da na yaƙin duniya na farko an zana lamba da muƙami da sunan mai su, a gefe ko a baya. Na yaƙin Hitila kuwa, har da tauraron Bama, yawanci haka aka raba su ba suna. Don haka rashin suna ba ya nufin jabu ce.

Inda ake ruɗuwa

Kuskure mafi yawa shi ne ɗaukar shekarar da aka buga a matsayin shekarar da aka yi yaƙi da kaya. Hatimi yana faɗin lokacin da aka yi abu ne kawai. Kaya kan daɗe a sito, kuma rundunonin ƙasashen da ake mulka sukan gaji abin da sojan Ingila ya daina yayi. Bel mai 1942 yana iya zama na wanda ya je Bama, yana kuma iya zama na wanda ya shiga soja a 1955.

Na biyu, ba duk mai bel ne soja ba. 'Yan doka na En'e, waɗanda aka haɗe da 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960, sun ɗaura bel na fata. Haka gandirobobi, da masu gadin kamfanonin kuza na Jos, da 'yan sikawut. Maƙali mai siffar maciji ma 'yan sanda sun yi amfani da shi. Aikin ɗan doka tarihi ne shi ma, bai kamata a ɓoye shi a bayan kakin soja ba.

Na uku, gyara. Bel kan tsinke, baduku ya yanko sabuwar fata ya mayar da tsohon kai. Sai ka ga kan tagulla na 1916 a jikin fatar bagaruwa mai ɗinkin basilla. Wannan ba ha'inci ba ne, alama ce cewa mai shi ya so abinsa. Amma a faɗi kowane ɓangare da zamaninsa.

Na huɗu, gwanjo. Bayan kowane babban yaƙi kayan soja sukan cika kasuwa, mafarauta da 'yan tauri da 'yan banga su saya. Samun bel na soja a gida ba ya tabbatar da cewa an yi soja a gidan, sai an haɗa da wata shaida.

Mu gwada da misali

A ce an fito da bel na zare launin kaki, faɗinsa inci biyu da kwata, da kibiya da harafin I da 1943 a ciki, da lamba mai farawa da NA an rubuta da tawada. A akwatin kuma ga tauraron Bama ba suna. Tsofaffin gida sun ce mai shi ya yi shekaru ba ya nan, ya dawo yana ba da labarin jirgin ruwa da ruwan sama marar yankewa. A nan fasali, da hatimi, da minda, da labari duk sun haɗu, sai mu ce da ƙarfin gwiwa wannan na sojan yaƙin Hitila ne.

A ce kuma an kawo jigidar fata mai aljihu biyar, an buga 1917, aka ce da ita aka yi yaƙin Burmi. Sai mu ce a'a, Burmi ta riga ta da shekara goma sha huɗu. Amma kada a tsaya nan, a tambaya ko akwai wanda ya je Gabashin Afirka a gidan. Ta yiwu labarin mutum biyu ne ya narke ya zama ɗaya, uba da ɗa, ɗaya ya yi yaƙi da Turawa, ɗaya ya yi yaƙi a ƙarƙashinsu. Irin wannan gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma labarinsa na gaskiya ya fi wanda aka ƙaga daɗin ji.

Wanda ya sami lamba da suna yana iya ci gaba da bincike. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta sa sunayen waɗanda suka rasu a yaƙin duniya biyu a intanet, har da 'yan Najeriya da aka rubuta sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Ma'aikatan gidan tarihi na kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi, da na gidan tarihin Jos, su ma abokan shawara ne.

Yadda za mu adana su

Maƙiyan tsohuwar fata a garinmu sanannu ne: gara, ɓera, danshin damina da bushewar hunturu. A ɗaga kaya daga ƙasa, a naɗe su cikin farin ƙyallen auduga, kada a ƙulle su a leda, domin gumi zai kawo fumfuna. Kada a shafa musu manja, ko baƙin mai, ko man goge takalmi. Kada a goge tagulla da toka ko yashi ko lemun tsami, domin ƙyallin da za a samu na kwana biyu ne, rubutun da zai goge kuwa ya tafi ke nan. Koren da ke taruwa inda tagulla ta haɗu da fata a cire shi a hankali da tsinken itace. Fatar da ta sandare kada a tilasta mata miƙewa, za ta karye.

In an tarar da harsashi ko wani abu mai kama da gurneti a cikin kayan, kada a taɓa, kada a bar yara kusa, a sanar da hukuma. Tsufa ba ya kashe albarushi. Kuma kayan soja na ajiya ne, ba na sawa a fita titi ba.

Masu zuwa gida-gida suna sayen tsofaffin kaya, a yi hattara da su. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba. Ko ba doka ma, kuɗin da za a ba ka ba zai kai mako ba, abin kuwa ba zai dawo ba.

Abu mafi gaggawa shi ne rubutu. A ɗauki hoton kowane abu gaba da baya, da ma'auni a gefensa. A samu takarda, da boko ko da ajami, a rubuta sunan mai shi, da unguwarsa, da wanda ya ba da labarin, da ranar da aka ji. A raba abin da aka gani da ido a jikin kaya da abin da aka ji daga baki, kowanne a layinsa. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu sun manyanta, sojojin yaƙin basasa ma yanzu dattawa ne. Duk mai irin wannan akwati a gida, ya buɗe shi a gaban dattijon gidan tun yana da ƙarfin tunawa, ya riƙe alƙalami a hannu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.